Littafin aikin siffanta Shimfiɗar Dukamaje

9 ga Nuwamba, 2024

Aikin da na sa a gaba a wannan rani shi ne rubuta cikakken bayanin Shimfiɗar Dukamaje da Hausa, wato hawan lakar da ya ɗauki sunan ƙauyen Dukamaje a Gada ta Jihar Sakkwato, tun daga asalin sunanta har zuwa abin da mutum zai gani da idonsa in ya tsaya a gindin tudun da ke kusa da ƙauyen. Burina malamin sakandare a Gada ko Gwadabawa ya iya ɗaukar takardar ya fita da ɗalibansa, mai haƙa rijiya kuma ya karanta ya gane lakar da yake fama da ita kullum. Kusan duk abin da aka rubuta a kan duwatsun nan da Turanci yake ko Faransanci, yana kwance a ɗakunan karatu, masu noma a kan dutsen kuwa ba wanda ya taɓa karanta musu.

A wajen masu ilimin duwatsu, shimfiɗa ita ce tarin hawa-hawan dutse masu kama ɗaya, waɗanda suka bambanta da abin da ke ƙarƙashinsu da abin da ke bisansu, kuma kaurinsu da faɗinsu sun isa a zana su a taswira. In shimfiɗu biyu ko fiye suna da dangantaka, sai a haɗa su a kira su rukuni. In kuma wani yanki a cikin shimfiɗa ya fita daban, ana iya ware shi a kira shi reshe.

Ƙasar Sakkwato gefen kudu maso gabas ce ta wani babban kwari da ake kira Iullemmeden, wanda ya ɗauki sunan wata babbar ƙungiyar Abzinawa, ya kuma ratsa Nijar da Mali da Aljeriya da Benin da Nijeriya. A ɓangarenmu jerin yana tafiya haka, daga ƙasa zuwa sama: Gundumi da takwararta Illo, su ne kwance a kan tsohon dutsen tushe, sai Rukunin Rima, wato Taloka da Dukamaje da Wurno, sai Rukunin Sakkwato, wato Dange da Kalambaina da Gamba, Gwandu ce ta rufe su duka. Hawa-hawan sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma, karkatar da ido ba ya kamawa a wuri ɗaya. Amfanin sanin wannan shi ne, wanda ya taso daga wajen Gusau ya nufi Sakkwato ya wuce, yana taka duwatsun ne daga tsofaffi zuwa sababbi.

17 ga Nuwamba

Makon nan a kan tsofaffin takardu ya ƙare. Falconer ya yi bayanin duwatsun Arewa a 1911. Raeburn da Tattam suka fitar da rahoto a kan Lardin Sakkwato a 1930, sai Brynmor Jones ya zo da nasa a 1948, wanda shi ne ya raba Rukunin Rima gida uku. Sai dai bai ba su sunan gari ba. Na ƙasa ya ce da su yashi da laka na ƙasa, na sama ya ce yashi da laka na sama, na tsakiya kuma ya kira su lakar Mosasaurus, saboda ƙasusuwan wata dabbar teku da ake samu a ciki.

Labarin dabbar nan shi ya fi komai nuna dalilin da ya sa aka canza sunan. Nopcsa ya rubuta a kan ƙasusuwan da aka kwaso daga Sakkwato a 1925. Swinton ya sake duba irinsu a 1930, ya ce na wani sabon nau'in Mosasaurus ne, ƙaton ƙadangaren teku, ya sa masa suna Mosasaurus nigeriensis. Shekara arba'in bayan haka wasu masana daga Italiya suka zo suka haƙo ƙoƙon kai da wasu gaɓoɓi a wajen Goronyo. Da Azzaroli, ɗaya daga cikin masanan Italiyan, da abokan aikinsa suka zauna a kan ƙasusuwan, sai suka ga dabbar ta bambanta da Mosasaurus ƙwarai, tana da dogon baki mai kama da na kada. A 1972 suka ba ta sabon suna, Goronyosaurus. Ke nan da an bar wa dutsen sunan da Jones ya ba shi, da yau yana ɗauke da sunan dabbar da bincike ya riga ya canza mata gida.

Shi ya sa ƙa'idar duniya ta raɗa wa duwatsu suna, wadda aka fara bugawa a 1976 aka sabunta a 1994, ta tsaya a kan sunan wuri. Ana ɗaukar gari ko tudu ko rafi da ke kusa da inda dutsen ya fi bayyana, a haɗa da kalmar shimfiɗa ko sunan irin dutsen. Ba a amfani da sunan burbushin halitta. Dole kuma a ayyana wuri ɗaya takamaimai da zai zama ma'auni, inda duk mai shakka zai je ya duba da kansa, ya ga inda shimfiɗar ta fara da inda ta ƙare. Waɗanda suka zo bayan Jones suka maye gurbin sunayensa da Taloka da Dukamaje da Wurno, Kogbe kuma ya yi aiki mai yawa a shekarun 1970 wajen siffanta wuraren ma'aunin ɗaya bayan ɗaya.

Ni a ganina wannan ƙa'ida ita ce ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Wanda ya ce Dukamaje ya ɗauki alkawari ne cewa akwai tudu kusa da wannan ƙauye da za a iya zuwa a taɓa. Abin da zan je in tabbatar ke nan.

30 ga Nuwamba

Kaya sun haɗu: guduma, shebur, sandar awo mai tsawon mita 1.5, kamfas, gilashin ƙara girma mai ninka goma, ledojin samfur, da ƙaramar kwalbar asid da aka tsarma zuwa kashi 10 cikin 100. Dukamaje da Gilbadi duk a Ƙaramar Hukumar Gada suke, kuma kowa ya san halin da gabashin Sakkwato ke ciki ta fuskar tsaro, don haka ba zan taka ko'ina ba sai da sanin masu gari da ɗan rakiya na wurin. Inda aka ce kada a je, ba za a je ba. Da hantsi za mu riƙa fita, mu dawo kafin la'asar.

8 ga Disamba

Na fara da Taloka, kusa da Goronyo, domin ba a gane farkon shimfiɗa sai an san abin da take kwance a kai. Tudun farin yashi ne mai laushi da turɓaya, jefi-jefi da siraran layukan laka, wasu wuraren ya rine ja ko ruwan ɗorawa saboda ƙarfen da ruwa ya wanko daga sama. Da yatsa ake murƙushe shi. Na ɗiga asid, shiru, ko kumfa ɗaya bai yi ba, alamar babu farar ƙasa a ciki. A jikinsa akwai ƙananan ramuka da tsutsotsin bakin ruwa suka haƙa tun yana danye, da alamun igiyar ruwa. Wannan ya yi daidai da abin da masana suka ce, cewa Taloka shimfiɗaɗɗen bakin teku ne da ruwa ke hawa yana janyewa.

14 ga Disamba

Yau muka hau tudun Dukamaje. Kafin nan mun je gaisuwa wurin mai gari. Na ce, “Ranka ya daɗe, dutsen bayan gari muka zo dubawa, ba haƙar ma'adini ta kawo mu ba.” Ya tambayi abin da za mu ɗauka, na nuna masa girman ledar samfur, ya haɗa mu da wani dattijo da ya san kowane kwazazzabo a wurin.

Daga nesa ba a ganin komai sai baƙar tsakuwar marmara da ta gangaro daga kan tudun ta lulluɓe gangaren. Wannan ita ce wahalar siffanta laka: dutse mai ƙarfi yakan tsaya a gan shi, laka kuwa narkewa take yi, ta ɓuya ƙarƙashin abin da ya zubo mata. Sai da muka shiga wani kwazazzabo da ruwan damina ya yanka, muka kankare fuskar da shebur, sannan hawa-hawan suka fito.

A can ƙasa farin yashin Taloka ne, irin wanda na gani makon jiya. Sai kawai launi ya juya. A cikin tazarar da ba ta wuce tafin hannu ba, yashin ya ƙare, laka mai ruwan toka ta fara. In ta bushe tana ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa, in an jiƙa ta kuma ta yi danƙo. Na gutsuri ɗan ƙanƙani na sa tsakanin haƙora, wadda ita ce tsohuwar dabarar rarrabe laka da turɓaya: turɓaya takan yi ƙaras-ƙaras, laka zalla kuwa santsi take yi. Wannan santsi ta yi. A nan na kafa sandar awo, na rubuta cewa gindin Dukamaje shi ne falle na farko na lakar da ta ɗore, ba siraran layukan da kan shiga cikin yashin Taloka su ɓace ba.

Kaɗan sama da gindin ne hawan ƙasusuwa yake. Siriri ne, ja-ja saboda tsatsa, amma a cike yake. Na durƙusa da gilashi na fi rabin sa'a a kan wuri ɗaya. Akwai haƙoran kifi baƙaƙe masu sheƙi, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba, bakinsu har yanzu da kaifi. Akwai gaɓoɓin ƙashin bayan kifi masu rami gaba da baya, da gutsattsarin ƙoƙon kunkuru mai zane a bayansa, da wasu dunƙulallun abubuwa masu murɗiya waɗanda kashin dabbobin ruwa ne da ya zama dutse. Daga cikin wannan shimfiɗa aka samo Goronyosaurus, daga cikinta kuma Halstead ya siffanta wani kadan teku a 1975 ya kira shi Sokotosuchus. Dattijon da ke rakiyarmu ya ce tun suna yara suke tsintar haƙoran nan bayan ruwan sama. Manyan ƙasusuwa ban taɓa su ba, hoto kawai na ɗauka da sandar awo a gefe, domin ƙashin da aka cire ba tare da an rubuta hawan da ya fito ba ya yi asarar rabin amfaninsa.

Sama da nan lakar ta cika da jifsam, ma'adinin nan mai ƙyalli da haske ke ratsawa, wanda farce ke iya karcewa. Na lura iri biyu ne. Wani yana kwance tare da hawan lakar, wani kuma jijiyoyi ne da suka yanka hawa-hawan a tsaye da a karkace. Wanda ya yanka dole daga baya ya zo, bayan lakar ta riga ta daskare ta tsage. Wannan bambanci sai ya shiga bayanin, domin na kwancen ne kaɗai zai iya zama shaidar cewa ruwan gishiri ya taɓa ƙafewa a wurin.

Wajen tsakiya sai ga hawan farar ƙasa mai ɗan rawaya, dunƙule-dunƙule, ya fi lakar tauri har ya yi ɗan dakali a jikin gangaren. Asid na taɓa shi ya hau tafasa. Bayansa laka ta sake dawowa, sannan a sama yashi mai laushi ya karɓe, wanda shi ne farkon Wurno. Wannan iyaka ta sama ba ta fito fes kamar ta ƙasa ba, don marmara ta rufe mafi yawanta. Kaurin shimfiɗar duka a nan mita goma da 'yan kai ne. Teku guda ta shigo ta janye, abin da ta bari ke nan.

29 ga Disamba

Na kwana biyu ina juya maganar wani mai haƙa rijiya da muka zauna da shi a ƙarƙashin bedi bayan azahar. Tsoho ne, hannuwansa duk kanta. Na zana masa jerin hawa-hawan a ƙasa da tsinke, tun ban gama ba ya karɓe tsinken. Ya ce, “Ɗana, wagga baƙar laka mun san ta. In munka iske ruwa cikinta, zartsi ne, ko sabulu ba ya kumfa. Sai an huda ta an kai ga hwarin yashi kana a sha ruwan kirki.” Na ce, “Baba, abin da ke cikin littattafan ke nan, kai ka riga su gani.” Jifsam ɗin da ke narkewa shi ke ɓata ruwan, farin yashin da yake nufi kuma Taloka ce, wadda lakar Dukamaje ta danne ta riƙe mata ruwa. Na yanke shawarar kowace shimfiɗa a takardar za ta samu sakin layi a kan abin da mai rijiya zai tarar a cikinta.

Akwai kuma abin da ya dame ni. Mata da yara suna tonon jifsam a gangaren tuddan yankin nan, suna tarawa a buhu ana saye, don ana bukatarsa wajen yin siminti. Abincinsu ne, ba wanda zai ce su bari, kuma ramukansu sun nuna mini lakar a wuraren da da ban gan ta ba. Amma tono da zaizayar damina suna cin fuskar tudun kowace shekara. In wurin ma'auni ya lalace, sunan ya rasa abin dogara. Ƙa'ida ta yarda a ƙara wurin dubawa na biyu ba tare da an taɓa na asali ba, kuma Gilbadi ta dace da haka, domin shimfiɗar ta fito sosai a can, a can ne ma aka samu dodon-koɗin tekun nan mai naɗi da ake kira Libycoceras, wanda ya tabbatar da zamaninta.

11 ga Janairu, 2025

Mun bi lakar zuwa kudu maso yamma, ta wajen Wurno da Rabah. Tana sirancewa a hankali. Farar ƙasar tsakiya ce ta fara ɓacewa, sai lakar kanta ta ragu, har aka kai inda babu ita sam. Tekun ta fi zurfi ta arewa, nan kuwa bakinta ne.

A nan matsala ta taso. Taloka da Wurno kusan abu ɗaya ne a ido, farin yashi mai laushi da turɓaya da 'yar laka. Abin da ya raba su shi ne Dukamaje da ke tsakani. Inda ta ɓace, yashin sama ya kwanta kai tsaye a kan yashin ƙasa, ba mai iya sa yatsa ya ce ga iyakar. Na ga taswirorin da suka ja layin duk da haka, suka ci gaba da shi kudu don kada a bar gurbi. Ba zan yi haka ba. A taswirata mai sikelin 1:50,000, daga inda lakar ta ƙare zan rubuta Rukunin Rima kawai, ba rabewa. Layin da ba a gani a ƙasa ba, bai kamata a gan shi a takarda ba.

Mun yi azahar a Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗi, inda kuma aka binne shi a 1837. Tudun da ya ba Shimfiɗar Wurno sunanta yana nan bayan gari.

25 ga Janairu

Na je Dange, a kan hanyar Sakkwato zuwa Gusau, saboda wata tambaya da ɗalibai za su yi tabbas: in aka ba ka gutsuren laka mai ruwan toka da jifsam a ciki, yaya za ka san ta Dukamaje ce ko ta Dange? A hannu kam suna kama sosai. Ita ma Dange tana ɓarewa falle-falle, tana da jifsam, tana da haƙoran kifi da ƙasusuwa, ga dunƙulen fosfet da ake sha'awa don takin zamani. Amsar tana ga maƙwabta. Lakar Dukamaje yashi ne a ƙarƙashinta, yashi a bisanta. Lakar Dange yashin Wurno ne a ƙarƙashinta, amma abin da ke kanta farar ƙasar Kalambaina ce, mai kauri, wadda ta yi wa tudun Dange hula ta hana shi zubewa.

Tsakanin lakokin nan biyu duniya ta juya. Dukamaje ta kwanta ne a ƙarshen zamanin Kiretashiyos, a yankinsa na ƙarshe da ya faro kimanin shekara miliyan 72 da suka wuce ya ƙare a miliyan 66. A wannan iyaka ta miliyan 66 ne manyan ƙadangarun teku da dodon-koɗi irin Libycoceras suka ƙare ƙaf. Dange da Kalambaina na zamanin Faliyosin ne da ya biyo baya. Shi ya sa za a samu kada da kunkuru da kifi a Dange, amma ba za a samu Goronyosaurus ba. Duk da haka a cikin bayanin zan ajiye maganar shekaru a sashenta daban. Da kamannin dutse da matsayinsa ake ayyana shimfiɗa. Shekaru fassara ce da kan gyaru in an sami sabuwar shaida, kamar yadda aka daɗe ana ɗaukar duwatsun Rukunin Sakkwato a matsayin na zamanin Iyosin, wanda ke bin Faliyosin, kafin ƙananan halittun da ke ciki su nuna sun girmi haka.

Ita Kalambaina ba ta bukatar gabatarwa a Sakkwato. Daga cikinta masana'antar siminti da ke ƙauyen Kalambaina take haƙar farar ƙasa tun 1967, ramin haƙar ne ma wurin ma'auninta. Cike take da bushiyar teku da kumba da dodon-koɗi. Ruwan sama yana shiga kogunanta, lakar Dange ta tare shi daga ƙasa, sai ya ɓullo a matsayin idanun ruwa, irin waɗanda ke ciyar da tafkin Kware. A kanta akwai siririyar lakar Gamba, wadda Kogbe ya ware ta da sunanta.

8 ga Fabrairu

Wani abokin aiki da ya ga zanen tudun Dukamaje ya matsa mini in ba farar ƙasar tsakiya suna, in mayar da ita reshe. Hujjarsa mai ƙarfi ce: ta bambanta da lakar sama da ta ƙasa, tana da tauri, ana gane ta daga nesa, kuma a cikinta ake samun yawancin kumba da dodon-koɗi. Ya ce, “Malam, in ba ka sa mata suna ba wani zai sa.”

Mun daɗe muna ja. Abin da na tsaya a kai shi ne, sabon suna kaya ne da ake ɗora wa duk wanda zai zo daga baya. Sai ya koye shi, ya nemi wurin ma'auninsa, ya gwada shi da sauran sunaye. Kafin a ɗora wa mutane wannan, sai an bi hawan daga tudu zuwa tudu an tabbatar guda ɗaya ne, ba dunƙule-dunƙule daban-daban da suka zo a tsayi kusan ɗaya ba. Wuraren da tsaro ya bar mu muka taka ba su isa wannan hukunci ba. Sannan suna ba ya tabbata sai an buga shi a mujallar ilimi da masana suka tantance, da cikakken bayanin iyakokinsa. Takardar koyarwa irin tawa ba wurin raɗa suna ba ce. Zan rubuta “farar ƙasar tsakiya” da ƙananan baƙaƙe, kowa ya gane abin da ake nufi. Ya ce zai nemi rahotannin rijiyoyin burtsatse na yankin, mu ga ko hawan ya ci gaba a ƙarƙashin ƙasa. Na yi murna da haka, don ita ce hanyar da za ta raba gardamar.

22 ga Fabrairu

Dutsen bai tsaya a Illela ba. Ya tsallaka zuwa Ƙonni da ƙasar Adar, can ma ya fi kauri, sai dai sunansa ya canza. Greigert ya siffanta ɓangaren Nijar na kwarin a 1966, kuma a taswirorin can abin da muke kira Dukamaje yana daidai da Shimfiɗar Farin Dutse, wadda suke rubutawa Farin Doutchi. Taloka ita ce Alanbanya, Wurno ita ce In Wagar. Farar ƙasar da masana'antar simintin Malbaza ke haƙa ta Shimfiɗar Garadawa ce, 'yar'uwar Kalambaina, teku ɗaya ce ta zubar da su.

Tun farko ma tarihin binciken a haɗe yake. Bushiyoyin tekun da Bather ya siffanta a 1904 da sunan Sakkwato, jami'an shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa ne suka tsinto su, a wurare irin Tamaske da yau suke cikin Jihar Tawa.

Ba na ganin a soke sunan wani ɓangare don na ɗayan. Kowanne yana da wurin ma'auninsa da takardunsa na shekaru. Abin da ya wajaba shi ne jadawali ɗaya da zai jera su kafaɗa da kafaɗa, don ɗalibi a Tawa da ɗalibi a Sakkwato su san dutse ɗaya suke magana a kai. Na zana shi yau, zai zo a shafi na biyu.

15 ga Maris

Azumi da zafi sun tsayar da fita, sai aikin tebur. Ga daftarin farko na sakin layin da komai zai rataya a kai:

“Shimfiɗar Dukamaje, ta tsakiya a Rukunin Rima. An ɗauko sunan daga ƙauyen Dukamaje a Ƙaramar Hukumar Gada, Jihar Sakkwato, inda wurin ma'auninta yake a tudun da ke kusa da gari. Laka ce mai ruwan toka mai ɓarewa falle-falle, mai jifsam, da hawan ƙasusuwa kusa da gindi da farar ƙasa a tsakiya. Tana kwance a kan yashin Taloka, yashin Wurno yana kanta. Tana sirancewa zuwa kudu maso yamma har ta ɓace. Jones ya kira ta lakar Mosasaurus a 1948.”

Na karanta wa malamai biyu na sakandare. Ɗaya ta ce kalmar “hawa” tana rikita ta da hawan tudu, ta fi son “falle” ga sirara, “hawa” ga masu kauri, kuma na karɓa, zan bi takardar duka in daidaita. Ɗayan ya roƙi a sa hoton haƙoran kifin kusa da kwabo ko ashana don yara su gane girmansu.

Abin da ya rage: samfuran farar ƙasa suna ɗakin gwaji ana yanka su sirara don dubawa a madubin ƙara girma, na laka kuma za a wanke su a tace a nemi ƙananan halittu. Iyakar sama tana bukatar rami na musamman a gangaren arewa, inda marmarar ba ta da kauri, kuma mai gari ya amince a haƙa muddin za a mayar da ƙasar. Awon Gilbadi sai bayan Salla, in hanya ta yi kyau, kuma dole a gama shi kafin ruwan farko, don da zarar lakar ta sha ruwa ba ta hawuwa.